Amalanken da Ta Ƙi Tsayawa

Jiya da nake zagayawa da ku cikin ɗakin gwajin fiziks, wata daga cikinku ta sunkuya ta raɗa wa ƙawarta, "Wannan ai aikin danna maɓalli ne." Na ji ta sarai, ban kuwa ji haushi ba, domin a ido haka abin yake. Ki juya lamba, ki danna, amalanke ta tashi a hankali ta bi dogonta, ta je ta tsaya inda aka umarce ta kamar 'yar da ta sami tarbiyya. Sai dai tsayuwar nan da kuke gani, saura kaɗan ta raba ni da sana'ata. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta muku yadda aka yi.

Ku fara sanin ita kanta. A ƙarshen dogon teburin nan akwai tukunyar dalma mai nauyi. A cikinta akwai ɗan ƙarfe da bai wuce ƙwayar wake ba, yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ba a so ya daɗe yana dukan jikin mutum. A ɗaya ƙarshen akwai na'urar da ke ƙirga abin da ya iso gare ta na hasken, tana ƙas-ƙas kamar farkon yayyafi a kan kwano. Tsakaninsu ake tsayar da siririn faranti na ƙarfe domin hasken ya doke shi, a ga nawa ya tare, nawa ya wuce. Farantin nan yana zaune ne a kan 'yar amalanke, ita kuma tana tafiya a kan dogo biyu. Doguwar sanda mai zare irin na noti ce ke tura ta, ɗan inji kuma yana juya sandar da bel. An yi duk wannan ne domin kada hannun kowa ya shiga gaban tukunya a buɗe.

Ta yaya take sanin inda za ta tsaya? A wutsiyar sandar akwai ɗan ƙullutu. Duk juyi ɗaya sai ya danna wani siririn harshe na jan ƙarfe, harshen ya taɓa ɗan'uwansa, wuta ta wuce, akwatin lamba ya ƙirga. Idan ƙirga ta kai abin da aka ce, sai inji ya tsaya. Ba ta da ido, ba ta da kunne. Duk abin da ta sani na duniya, daga harshen nan take jin sa.

Baba Isiyaku ne ya koya mini ita. Mutumin Rogo Ruma ne, ya fara da gyaran agogo da rediyo a gindin bishiya, daga baya ya je Zariya ya koyi aikin ɗakin gwaji. Na zo hannunsa a tsakiyar shekarun tamanin, takardar shaidata sabuwa fil, ina jin na san waya da batir. Ranar farko bai bar ni na taɓa ko sukudireba ba. Ya tsayar da ni gaban tukunya ya nuna mini murfinta.

"Kafin hannunki ya hau teburin nan, ki rufe ta, ki kuma faɗa da baki in ji."

Na rufe, na ce, "Na rufe, Baba."

"Da wa kike magana? Da gyalenki?"

"Na rufe!"

"Madalla. Injiniya ta iso gari."

Daga ranar sunan ya bi ni. Ko gaban shugabanni ba ya kira na Zulai.

Jakar aikinsa ta fata ce, ɗinkin dukawa, ta yi baƙi ta yi laushi kamar tafin tsohuwa. A ciki akwai sukudireba manya da ƙanana, ɗaya ma shi ya sassaƙa mata ƙota da icen kanya. Akwai filaya mai dogon baki, da ƙarfen liƙi da muke ɗorawa a kan risho idan an ɗauke wuta, da mita mai allura wadda ke rausaya kamar zangarniyar gero idan iska ta taɓa ta. Dokarsa ɗaya ce a kan jakar: abinci ba ya shiga. Ko goro bai yarda ba.

Akwai ranar da ɗan injin ya fara tartsatsi yana tari. Baba ya buɗe shi ya nuna mini 'yan gawayi biyu da ke goga a cikinsa, sun cinye. Babu inda ake sayar da irinsu tsakanin Karaye da Kano. Sai ya fasa mataccen batir na tocila, ya zaro baƙar sandar da ke tsakiyarsa, ya yanka, ya zauna yana goga ta a kan sanfefa yana gwadawa, yana goga yana gwadawa, har ta shige gurbinta ba matsi ba sako-sako. Ban taɓa ganin mutum ya ba ƙaramin abu natsuwarsa haka ba. Da aka kunna, injin ya koma gunjinsa na ƙasa-ƙasa, irin na mage mai barci.

Wata rana kuma bel ne ya tsinke. Ya auna da zare, ya kai wa baduku a kasuwa, ya tsaya a kansa har aka fere fata aka ɗinke bakinta lafe-lafe, domin ɗinki mai tudu zai sa amalanke ta riƙa zabura.

Masu kawo mana aiki kuwa iri-iri ne. Malamai suna son komai ya gyaru tun jiya. Ɗalibai su rugo, "Malama, ta mutu!" in je in tarar ba a cusa waya a bango ba. Mutanen gari ma ba su bar mu ba, tunda labari ya bazu cewa akwai masu gyara a makarantar kimiyya. Na tuna wani dattijo makiyayi daga wajen garin Fulatan da ya zo da rediyo a naɗe cikin rawani. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi shanu an tambayi ruwa, ya ce rediyonsa ta daina Fulatanci, Hausa kawai take yi.

Baba ya ce, "Ta ga gari ke nan. Haka 'ya'yanku ma suke yi."

"Ai ku kuka lalata ta, Kaɗo. Lafiya lau na sayo ta."

Zaren da ke jan allurar tasha ne ya tsinke, ta maƙale wuri ɗaya. Baba ya sa ni na ɗaura sabo. Ta koma jin harshe biyu kamar mai ita, washegari kuma sai ga ƙwaryar nono a ƙofar ɗakin gwaji.

Sai muguwar shekara ta zo, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Kayan da ake kawo mana daga waje suka daina zuwa. Fis na wuta ya ƙare, dalmar liƙi ta ƙare, gwangwanin farin giris da aka kawo tare da na'urar ya koma sai ƙanzo a gindi. Ina lakato shi da tsinke ina shafa wa sanda kamar mai sa kwalli. Duk da haka sandar ta fara kuka, wani siririn ƙiii da ake ji har tsakar makaranta. A shekarar ce kuma idon Baba ya yi hazo, har ya kai ba ya bambance jar waya da baƙa. Ya ajiye aiki ya koma gida, ya bar mini jakar.

Da kaka ta kama, kukan sandar ya ɗauke. Na ɗauka ɗan giris ɗina ne ya ratsa. Ba a jima ba amalanke ta fara ƙin tsayawa. A ce ta tsaya nan, sai ta zarce da faɗin yatsa, wani lokaci faɗin tafi. Da safe takan yi daidai, bayan azahar ta yi ƙarya. Kuma na'urar gwaji mai ƙarya ta fi matacciya sharri, domin ɗaliba za ta rubuta abin da ta gani ta tafi da shi a matsayin ilimi.

Malam Lawan, shugaban sashenmu, ya kira ni ofishinsa. Mutum ne mai sanyin magana, bai ɗaga murya ba.

"Malama Zulai, an ce a rage ma'aikata, kin sani. 'Yan ajin ƙarshe kuma gwajinsu ya matso. Idan amalanke ba ta dawo hayyacinta kafin nan ba, zan sa a kai tukunyar sito a kulle. In babu ita, ba zan iya cewa ɗakin nan yana bukatar mai gyara ba. Amma ofis suna neman mai buga tafireta, ba za ki rasa wurin zama ba."

Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Na fito ina duban yatsuna.

Na bi ta gaɓa-gaɓa kamar yadda aka koya mini. Na fara zargin janareto, domin wutarsa tana hawa tana sauka, amma mita ta wanke shi. Na ɗaure bel. Na fere sababbin gawayi. Na bi kowace waya da ƙarfen liƙi. Na buɗe murfin harshe, na tarar da 'yan baƙaƙen ɗigo-ɗigo a bakinsa, na ce tokar tartsatsi ce, na goge. Ta yi lafiya yini guda, har na fara murmushi ni kaɗai, washegari bayan azahar ta zarce abinta. Na sake gogewa, ta sake. Kwanaki suna ta tsiyaya.

Ranar wata Asabar na kwance harshen, na naɗe shi a tsumman da nake goge sanda da shi, na shiga motar Rogo. Hanya duk gyaɗa ce, an tuge an jera tana shan rana, kuma kowane ƙauye muka ratsa hayaƙin suyar ƙuli-ƙuli yana tashi daga bayan danga.

Na tarar da Baba a ƙofar gida kan tabarma, yana ɓarar gyaɗa da lalube. Na durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

"Muryar Injiniya nake ji? Lale, lale. Yaya mutanen Karaye?"

"Suna gaishe ka. Yaya ƙarfin jiki? Yaya idon?"

"Da godiya. Ido ya yi ritaya, hanci da baki suna nan bakin aiki. Yaya 'yar tawa?"

Amalanke yake nufi. Na kwashe duka na gaya masa. Ya yi ta tambaya: bel fa, gawayi fa, wuta fa. Duk abin da ya ambata na riga na duba. Daga ƙarshe ya ce shi ma bai taɓa gamuwa da irin wannan ba. Na ajiye masa ƙunshin a kan tabarma domin ya shafa harshen da yatsa, ko lanƙwasa ya yi. Ya ɗauka ya fara warwarewa, sai ya tsaya ya kai tsumman hanci.

"Injiniya! Ashe da na juya baya jakata ta zama kwanon ƙosai?"

"Wallahi Baba ko goro bai taɓa shiga ba."

"To wa ya yi suya a tsumman nan?"

"Tsumman sanda ne. Ba abin da yake taɓawa sai..."

Ban ƙarasa ba. Na karɓa na sansana. Man gyaɗa ne, wanda ya kwana biyu har ya fara ɗan tsami. Na yi makonni ina riƙe da tsumman nan. Amma da kaka a ƙasarmu ina ne ba ya ƙanshin man gyaɗa? Gyalena yana yi, ɗakin mahaifiyata yana yi, iskar da ke shigowa ta taga tana yi. Hancina ya daɗe da daina ba ni labarinsa.

Baba ya ce, "Giris ba ya wannan ƙanshi. Amma man gyaɗa kaɗai ba zai hana ƙirga da rana ya bar ta da safe ba. Wannan kuma sai mai ido. Ki je ki gani, ki dawo ki ba ni labari."

Ranar Litinin na mayar da harshen, na bar murfinsa a buɗe. Da aka fita sallar azahar da cin abinci, na yi tawa sallar a ɗakin, na ja kujera na zauna ban taɓa komai ba. Ɗakin ya yi tsit. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan dogo. Can sai na ga wani siririn zare ja-ja yana hawa ƙafar tebur. Kiyashi ne, ayari guda, sun bi dogo, sun hau sanda suna bin zarenta kamar fatake a kan hanyar da suka saba. Inda man ya fi taruwa shi ne wutsiya, ƙarƙashin harshe, nan suka yi zango.

Na tabbatar tukunya a rufe take, na danna maɓalli. Ƙullutu ya juyo, harshe ya sauka, ya faɗa a kan kiyashi ɗaya. Ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba, akwati bai ƙirga ba, amalanke ta wuce tana jiran lambar da ba ta zo ba. Baƙaƙen ɗigon da nake gogewa gawarwakinsu ne da tartsatsi ya babbake. Da safe hayaniyar ɗalibai da bugun tebur suna korar su, shirun azahar kuma ya dawo da su.

Saura mai zuba man. Washegari na yi sammako, na tarar da ƙofa a buɗe. Iya Tabawa ce, mai sharar ɗakunan gwaji, tsohuwa mutuniyar ƙauyen Turawa. Ta jingine tsintsiya, tana riƙe da 'yar kwalba da gashin kaza, tana shafa wa sanda mai a hankali kamar mai shafa wa jariri bayan wanka.

Na gaishe ta har ƙasa, sannan na ce, "Iya, me ake yi?"

"Au, kin kama ni. Ai ban so ki sani ba, 'yar nan, kada ki ce sai kin biya. Tun da Malam Isiyaku ya tafi nake jin abin nan yana kuka, ke kuma na ga gwangwaninki ya bushe. Na ce ina da gyaɗa a gida, marainiya tana kuka a gabana? Wannan na farkon matsa ne, ko a miya ban sa ba."

"Iya, kin taɓa wajen tukunyar?"

"Allah ya kiyaye. Malam Isiyaku ya ce kada in kusance ta, ko ƙurarta ban taɓa sharewa ba."

Ana haka Malam Lawan ya shigo. Kafin in buɗe baki Iya ta tare shi da fara'a. "Ranka ya daɗe, ka ji ta yi shiru ko? Ƙofar ɗakina ma da shi na yi mata magani, da injin niƙan unguwarmu."

Ya dubi kwalbar, ya dubi gashin kazar, ya dube ni. Na yi masa bayanin kiyashi a taƙaice. Iya ta saki baki, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ni na gayyato su?"

"Man naki ne ya yi kyau da yawa, Iya," in ji Malam Lawan. Na ga gefen bakinsa yana rawa, ya danne dariya. Ya juyo gare ni. "Labari ya yi daɗi, Malama. Amma ni har yanzu ban ga ta tsaya ba. Jibi bayan azahar zan zo, lokacin da ta saba ƙarya."

A nan ne aikin yake, ku da kuke cewa danna maɓalli. Na kwance amalanke daga dogo, na zare sanda. Man ya daskare a cikin zarenta ya zama danƙo kamar ƙaro. Na jiƙa ta a kananzir, na bi zaren da tsohon buroshin haƙori, lungu-lungu, daga kai har wutsiya, na sake bi da tsinke. Harshen kuwa na wanke shi da sifirit, na goga bakinsa da ɗan kwali, domin sanfefa tana cinye jan ƙarfe ta bar masa ƙaiƙayi. Na je tasha wajen wani makanike na samo giris na mota, ya yi kauri, na sassauta shi da man keken ɗinki har ya yi laushin man shanu. Na mayar da komai, na kawo amalanke daidai kan zanen farko da ke jikin dogo, na mayar da akwatin lamba sifiri, domin su biyun su yarda da juna a kan inda tafiya ta fara.

Ƙafafun tebur kuma na tsoma kowace a gwangwanin madara mai ɗan kananzir, yadda ake yi wa teburin abinci. Iya ce ta kawo gwangwanayen, ta wanke su tas. Ta tsaya tana murza bakin zaninta.

Na ce, "Iya, waɗannan naki ne. Duk wanda ya bushe ki ƙara masa. Sanda kuwa ki bar mini."

"Ko ta yi kuka?"

"Ko ta yi kuka. Ki zo ki gaya mini."

"To. Man kuma ki tafi da shi gida, ba a mayar da kyauta."

Ranar da ya ce, Malam Lawan ya zo da rula a hannu, ya ƙi zama. Ya sa muka bar ɗakin shiru na wani lokaci tukuna, domin a ba baƙin damar zuwa in suna da niyya. Sannan ya fara kiran lamba. Na juya, na danna. Amalanke ta tashi ba kuka ba tari, ta tafi, ta tsaya. Ya sunkuya ya auna. Ya kira wata lamba. Ya aike ta can ƙarshe, ya dawo da ita, ya matsar da ita kaɗan kamar kaurin farce, ya sake korar ta nesa. Yana neman ya kama ta ne, ita kuwa duk inda aka ce nan, nan take sauke kayanta. Na ga Iya ta taga, ta rungume tsintsiya, leɓenta yana motsi.

Daga ƙarshe ya miƙe, ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Gobe 'yan ajin ƙarshe za su shigo bayan taron safe. Ki shirya musu faranti na dalma da na sanholo."

Na ce, "Ofis fa, ranka ya daɗe?"

"Wane ofis? Dubi hannunki, Malama. Wa zai bar wannan ya taɓa farar takarda?"

Na duba. Baƙi ƙirin har wuyan hannu, giris ya shige ƙarƙashin kowane farce, lallen da na sa na bikin ƙanwata ko alamarsa babu. Na ɗauko farantan na fara gogewa.